Ƙwaya Ɗaya a Cikin Tuwo

Shekara goma sha ɗaya ni da Ƙyale-su
muna gadin garejin Alhaji Sada a Ƙofar Guga.
Ni ke riƙe da gora, shi ke riƙe da dare.
Ko ɓera ne ya gifta, da saninsa.
Ɓarawon batir bai taɓa hawa katangarmu sau biyu ba.

Bana na ga yana ta fara rufe masa ido,
fari-fari, kamar an ɗiga nono a rijiya.
Ya nufi tayar tirela ya yi karo,
ya tsaya a gabanta cikin kunya
kamar dattijon da ya gaida turmi da magariba.

Na jefa masa ƙashi daga teburin Mannir mai tsire,
irin wanda a da sai dai ka ji ƙarau!
Ya lasa, ya juya shi, ya kwanta kusa da shi.
Na ɗaga leɓensa:
dasashi ja wur,
haƙora sun yi tsatsa kamar notin tsohuwar mota.
Warin bakin kuwa, a bar wa Allah.

Ran Talata muka je asibitin dabbobi.
Masu raguna na tattare riga, suna ja da baya.
Wani ya ce, "Baba, kare ka kawo layi?"
Na ce, "Shi ma numfashi yake."

Likitar yarinya ce, Dakta Lawisa.
Ta haska masa ido, ba ta yi mini ƙarya ba:
"Abin da ya tafi ba zai dawo ba, Baba.
Sai dai mu riƙe wanda ya saura."
Ta miƙo kwalba, man kifi a cikin ƙwaya,
rawaya, sul-sul, kamar ɗigon zuma,
da wani gari mai ƙarnin bakin dam ɗin Ajiwa
na barbaɗawa a abinci saboda haƙori.
"Ɗaya kullum. Hanta kaɗan ran Juma'a.
Karas in ka samu, ya riƙa gurgura.
Kar ka ƙara da ka, yawan magani ma cuta ne."

Kuɗin kwalbar goron wata guda ne.
Na bar goro.
Dama haƙoran taunarsa saura huɗu gare ni.

Daren farko na cusa ƙwayar cikin tuwo.
Ya sharɓe tuwon tas,
ya bar ta ita kaɗai a tsakiyar kwano
tana kallona.
Makaho ne, amma ba wawa ba.
Sai da na naɗe ta a kan busasshen kifi
sannan muka daidaita.

Tasalla ta ce, "Ni da gwiwa tun farkon damina,
ko man zafi ban gani ba,
kare kuwa har da hanta ran Juma'a."
Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa.
Washegari na ci bashi na sayo mata man.

Yau kwana arba'in.
Jan dasashi ya ragu, warin ya ja baya.
Yana kwance da karas tsakanin ƙafafu,
gurus, gurus,
yaran gareji na yi masa dariya, wai ya zama zomo.
Idon yana nan yadda yake, nono bai bar rijiya ba.

Da dare nakan zube ƙwayoyin a tafi,
in ƙirga da ɗan yatsa,
don rubutun jikin kwalbar ni ma ya fara guduna.
Saura ashirin.
In ba shi ɗaya, in wanke hannu, in yi alwala,
mu zauna, tsoho da tsoho, muna sauraren titi.

Jiya da asuba mage ta bi kan katanga.
Ya ɗaga kai ya bi ta,
ido kafin hanci.
Ko kuma ni ne nake so in ga haka.